Daga bangon mujalla zuwa la'adar dillali: tarihin kamfanin Future na ƙasar Ingila (1985-2025)

Taƙaitawa

Wannan ɗan nazari ya bi sawun kamfanin Future, wanda ke cikin manyan masu buga mujallun fanni da shafukan intanet a ƙasar Ingila, tun daga kafuwarsa cikin shekara ta 1985 har zuwa 2025. Muna son mu nuna cewa a tsawon waɗannan shekaru 40 hajar kamfanin guda ce, watau mai karatun da ya riga ya ƙudura sayen wani abu, yana neman mai ba shi shawara. Abin da ya riƙa sakewa shi ne mai riƙe da ƙofar da ake bi kafin a kai ga wannan mai karatu: da farko masu ƙera na'urori, daga bisani Apple da Google.

1. Gabatarwa

Masu nazarin tarihin aikin jarida sun saba maida hankalinsu ga jaridun labarai da na siyasa. Dalili kuwa a fili yake: su ne ke karo da hukuma, su ake gurfanarwa gaban alƙali, saboda haka sawunsu ya fi yawa cikin ɗakunan ajiyar takardu. Amma akwai wani reshe na sana'ar ɗab'i da ba a cika waiwaya ba, alhali a ƙasashen Turai yana ciyar da dubban ma'aikata. Muna nufin mujallar fanni, watau wadda ta keɓe kanta ga abu guda, kamar dawaki, ko kekuna, ko ɗinki, ko kiɗa, ko kwamfuta, kuma ba ta neman kowa sai masu sha'awar wannan abu. A Ingila irin wannan mujalla tsohuwa ce: The Field ta fara fitowa cikin 1853, Horse & Hound cikin 1884, Country Life kuma cikin 1897.

Tattalin arzikin mujallar fanni ya bambanta da na jaridar labarai. Mai karanta jaridar labarai, ba a san abin da zai saya gobe ba. Mai karanta mujallar kekuna kuwa, ko yana da keke ko yana tara kuɗin saye, don haka mai sayar da kekuna a shirye yake ya biya da tsada a sa tallarsa a gaban wannan mutum. Ke nan mutum uku ne cikin cinikin: mai kaya, da mai saye, da mai mujalla a tsakaninsu. Wannan matsayi na tsakiya shi ne matsayin dillali, kuma da wannan kalma za mu yi aiki cikin takardar nan. Abu biyu aka san dillali da su. Na farko, jarinsa amana ce. Ran da mai saye ya gane don la'ada kawai ake yaba masa kaya, ranar zai bar shi. Na biyu, kasuwar da yake ci ba tasa ba ce. Akwai sarkin kasuwa, akwai mai ƙofa, kuma suna iya tashinsa daga rumfa.

Mun zaɓi kamfanin Future saboda dalili biyu. Da ɗai, an haife shi tare da kwamfutar gida, ya kuma ƙetara zuwa zamanin intanet da ransa, abin da ya gagari da yawa daga cikin tsararsa. Sa'an nan tun 1999 yana cikin kasuwar hannun jari ta Landan, doka ta tilasta masa bayyana lissafinsa kowace shekara, saboda haka ana iya bin hawansa da saukarsa da alƙaluma.

2. Kafuwa a inuwar na'ura guda (1985-1993)

Cikin 1984 kamfanin Amstrad na Alan Sugar ya fito da wata kwamfutar gida mai suna CPC 464. Ana sayar da ita haɗe da allon kallo da wurin sa kaset, a kan farashin da iyali masu matsakaicin hali ke iya biya, kuma ta samu karɓuwa ƙwarai a Ingila da Faransa. Wanda ya sayi irin wannan na'ura yakan koma gida da tambayoyi: wane wasa ya cancanci kuɗinsa, yaya ake rubuta manhaja, wace na'urar buga takarda ce za ta dace da ita. Masu kanti ba su da amsa, intanet kuma ba ta isa gidaje ba.

Chris Anderson, wanda aka haifa a Pakistan cikin 1957, ya yi karatu a jami'ar Oxford, ya kuma taɓa zama editan mujallun wasannin kwamfuta, shi ne ya hangi wannan giɓi. Cikin 1985 ya ci ɗan bashi daga banki, ya kafa Future a wani ƙaramin gari mai suna Somerton cikin yankin Somerset, ya fito da mujallar Amstrad Action a watan Oktoba. Bayan ƴan shekaru kamfanin ya koma birnin Bath, wanda ya zama cibiyarsa.

Dabarar da ta ɗaga kamfanin ita ce manna kaset a bangon mujalla. Kafin nan, mujallun kwamfuta sukan buga manhaja ne a rubuce, layi bisa layi, mai karatu ya zauna ya kwafe ta da hannu cikin na'urarsa; in harafi guda ya kuskure, aikin dare ya lalace. Da aka manna kaset mai ɗauke da wasa a bangon Amstrad Action na ƙarshen 1985, sai mujallar ta zama abu biyu a farashi guda, ciniki kuma ya ɗaga. Future na cikin na farko da suka yi haka, kuma ya mai da shi al'adarsa: kaset ya ba disket wuri, disket ya ba faifai wuri.

Abin lura a nan shi ne, ran kowace mujalla a ɗaure yake da ran na'urar da take magana a kanta. An daina ƙera CPC a farkon shekarun 1990, Amstrad Action ta ja jiki har zuwa Yuni 1995 sa'an nan ta tsaya, bayan fitowa 117. Amiga Format, wadda aka kafa cikin 1989, ta bunƙasa tare da kwamfutar Amiga. Kamfanin Commodore mai ƙera ta ya karye cikin 1994, mujallar ta bi shi cikin 2000. Your Sinclair, da aka saya daga kamfanin Dennis cikin 1990, ta mutu cikin 1993. Shugabannin Future sun fahimci wannan doka tun da wuri, suka tsara aikinsu bisa gare ta: a kafa mujalla da ƴan ma'aikata kaɗan da zarar sabuwar na'ura ta fito, a rufe ta da zarar kasuwa ta watse, a kai ma'aikatan ga wata. Saukin da tsara shafuka a kan kwamfuta ya kawo a waɗannan shekaru ya taimaka wajen rage tsadar kafa sabuwar mujalla. Daga nan kuma suka kai dabarar bango ga wasu fannoni: faifan kiɗa ga masu koyon jita, zare da zane ga masu ɗinkin ado, ƙananan kyaututtuka ga masu tseren keke.

3. Zamanin izini da tambayar amana (1993-1998)

Shekarun 1990 su ne na akwatunan wasa da ake jona wa talabijin. Cikin 1993 Future ya kafa Edge da PC Gamer, waɗanda suka yi suna har wajen Ingila. Amma babbar ribar ta zo ne ta wata hanya dabam. Cikin Nuwamba 1995 ya fara buga Official UK PlayStation Magazine bisa yarjejeniya da kamfanin Sony. Yarjejeniyar ta ba mujallar izinin ɗaukar sunan na'urar, ta kuma ba ta faifan ɗanɗano, watau faifan da ke ɗauke da gutsure-gutsuren sababbin wasanni don mai saye ya gwada kafin ya biya. Tun da akwatin PlayStation ba ya karɓar faifan da Sony bai amince da shi ba, sauran mujallu ba su da abin gogayya. A ƙarshen shekarun 1990 mujallar tana sayar da fiye da kwafi 400.000 a wata, adadin da mujallar wasanni ba ta taɓa kaiwa ba a ƙasar.

Sai dai Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Izini na mai na'ura ne, yana ba wanda ya so, yana karɓewa in wa'adi ya cika. Cikin 1999 kamfanin Sega ya ba Dennis izinin mujallar akwatinsa Dreamcast a Ingila, Future ya koma yana buga tasa ba izini. Izinin Nintendo kuwa yana hannun kamfanin EMAP har zuwa 2006, sa'an nan ya shiga hannun Future. Mai mujalla ya zama ɗan haya a gidan mai na'ura.

A nan ne tambayar amana ta fara tasowa da ƙarfi. Aikin mujallar wasanni shi ne ta gwada wasa ta ba shi maki, kuma masu wasan su ne masu biyan kuɗin talla, su ne kuma ke ba da labari tun kafin kaya su fito. Tarihin Future ya ƙunshi misalin ɓangare biyu. Mujallar Amiga Power (1991-1996) ta yi suna wajen tsananin maki, har wasu kamfanoni suka daina aiko mata wasanni don gwaji, amma masu karatu suka riƙe ta da daraja. Cikin 2004 kuma wasu mujallu biyu na kamfanin suka ba wasan Driv3r maki 9 bisa 10, alhali yawancin masu sharhi sun kushe shi, sai masu karatu suka yi ta zargin an yi cinikin maki da labarin farko. Zargi ne, amma yadda ya bazu ya nuna cewa mai saye yana sane da matsayin dillalinsa, yana kuma sa masa ido.

Ta fuskar mallaka, cikin 1994 Anderson ya sayar da Future ga kamfanin Pearson, mai jaridar Financial Times a lokacin, a kan kimanin fam miliyan 52, ya koma San Francisco inda ya gina wani kamfanin mujallu mai suna Imagine Media. Cikin 1998, da Pearson ya juya akalarsa zuwa littattafan makaranta, ya sayar da Future ga shugabanninsa tare da masu zuba jari na Apax a kan fam miliyan 142. Farashi ya kusa ninkawa uku cikin shekara 4.

4. Kasuwar hannun jari da faɗuwar 2001

Cikin 1999 aka haɗa Future da Imagine Media, aka kai su kasuwar hannun jari ta Landan da sunan The Future Network. Lokacin ne na zazzaɓin intanet, sa'ad da duk kamfanin da ya raɓi wannan suna ke samun kuɗi ba wuya. Kamfanin ya buɗe ko ya sayi rassa a Faransa, Italiya, Jamus da Poland. A Amurka yana da mujallar Business 2.0, wadda aka kafa cikin 1998 don ba da labarin sababbin kamfanonin intanet, kuma su waɗannan kamfanoni ne ke cika ta da talla har ta yi kauri kamar littafi. A farkon 2000 darajar The Future Network ta haura fam biliyan 1.

Daga Maris 2000 kasuwar ta fara zubewa. Kamfanonin da ke biyan talla suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A daidai wannan lokaci kasuwar wasanni ta yi sanyi, domin mutane sun daina sayen kayan tsohon PlayStation suna jiran sabon, wanda bai iso Turai ba sai Nuwamba 2000, kuma bai wadata ba. Ƙafa biyun da kamfanin ke tsaye a kansu suka karye tare. Cikin 2001 ya rufe mujallu kimanin 20, ya sallami ɗaruruwan ma'aikata, ya sayar da Business 2.0 ga kamfanin Time a kan dala miliyan 68 don ya rage bashi. Farashin hannun jarinsa ya zube da fiye da kashi 90 cikin 100. Anderson ya bar kamfanin cikin wannan shekara, ya tafi da taron TED, wanda Future ya saya cikin 2000, ta hanyar gidauniyarsa mai suna Sapling.

Reshen Faransa ya bar wani labari da ya cancanci a tsaya a kansa. Cikin 2003 Future ya sayi mujallun wasanni na kamfanin Hachette, cikinsu har da Joystick da Joypad. Wasu daga cikin manyan marubutan Joystick suka ƙi bin sabon mai gida, suka fita suka kafa tasu mujallar, Canard PC, a ƙarshen shekarar. Cikin 2006 da 2007 Future ya sayar da rassansa na Italiya da Faransa. Joystick ta mutu cikin 2012 a hannun wasu, Canard PC kuwa ta rayu bayanta. Wannan ya nuna cewa mai sayen mujallar fanni yana iya sayen suna da bango, amma amanar masu karatu sau da yawa takan bi marubuta ne.

5. Shekarun ƙanƙancewa (2002-2014)

Abin da zazzaɓin 1999 ya yi alkawari, shigowar intanet mai sauri cikin gidaje ce ta cika shi a hankali. Abu biyu mujallar wata-wata ke sayarwa, labari da faifai, kuma duka biyun suka rasa daraja. Labarin sabuwar na'ura yana kan intanet a ranar da ta fito, kyauta. Ɗanɗanon wasa kuma, masu akwatunan suka buɗe kantunansu na intanet suna ba da shi kai tsaye, ba su bukatar bangon kowa. Mai na'ura ya gano hanyar da zai isa ga mai saye ba tare da dillali ba.

Future ya maida martani ta hanya biyu. Ya tattara rubuce-rubucen mujallunsa cikin manyan shafukan intanet na fanni, wanda mafi girmansu shi ne TechRadar, da aka buɗe cikin 2008. Sa'an nan, da iPad ya fito cikin 2010 kuma Apple ya buɗe rumfar mujallu a cikinsa cikin 2011, kamfanin ya zuba mujallunsa da yawa a can, da fatan allo zai maye gurbin takarda. Amma a lokacin Apple yana ɗaukar kashi 30 cikin 100 na kowane ciniki, kuma masu karatu ba su zo da yawan da aka zata ba. Tallar intanet ita ma ba ta biya abin da tallar takarda ke biya.

Sai aka shiga sayar da gado. Nintendo Power, da reshen Amurka ke bugawa tun 2007, ta tsaya cikin Disamba 2012. Cikin 2013 aka sayar da mujallun kiɗa Classic Rock da Metal Hammer ga wani sabon kamfani, TeamRock, a kan fam miliyan 10,2. Cikin 2014 aka sayar da na kekuna da na ɗinki ga Immediate Media a kan fam miliyan 24, aka rufe mujallar Nintendo ta Ingila, aka sake sallamar ma'aikata. Zuwa 2016 cinikin kamfanin na shekara ya sauko kusa da fam miliyan 60.

6. Dillanci a fili (2014-2022)

Cikin 2014 aka naɗa Zillah Byng-Thorne babbar darekta. Akanta ce, kuma ta fito ne daga kamfanin Auto Trader, mujallar tallar motoci da ta daina fitowa a takarda cikin 2013 ta koma intanet ɗungurungum. A ƙarƙashinta kamfanin ya daina ɓoye matsayinsa na dillali, ya mai da shi tushen lissafinsa.

Ga yadda tsarin ke aiki. Mutum yana son sayen waya ko talabijin, sai ya tambayi Google wace ce ta fi kyau. Google ya nuna masa shafin TechRadar, inda aka jera kayan bisa daraja, kowanne da sharhinsa. A gefen kowane kaya akwai maɓalli mai nuna farashinsa a kantunan intanet dabam-dabam, irin su Amazon. In ya latsa ya saya, kantin zai biya Future la'ada. Kamfanin ya ƙera wata manhaja tasa mai suna Hawk don tattaro waɗannan farashi, ya kuma ɗora shafukansa a kan tsari guda mai suna Vanilla, ta yadda duk shafin da ya saya ana iya jona shi da injin la'ada cikin ɗan lokaci. Ke nan darajar tsohuwar mujalla a idonsa ita ce sunanta, domin Google da mai karatu duka sun fi yarda da sunan da suka sani.

Da wannan lissafi aka shiga saye. Cikin 2016 aka sayi Imagine Publishing na garin Bournemouth. A Janairu 2017, bayan TeamRock ya karye, aka dawo da Classic Rock da Metal Hammer a kan fam 800.000, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na abin da aka sayar da su. Cikin 2018 aka sayi What Hi-Fi? da FourFourTwo daga Haymarket, aka kuma sayi shafukan kamfanin Purch na Amurka, cikinsu har da Tom's Guide, Tom's Hardware da Space.com, a kan dala miliyan 132,5. Cikin 2020 aka kammala sayen TI Media a kan fam miliyan 140, sai ga Country Life da Horse & Hound, ƴaƴan ƙarni na 19, a hannun kamfanin da ya fara da kaset cikin 1985. Shi wannan TI Media shi ne tsohon IPC, wanda kamfanin Time ya saya cikin 2001 a kan fam biliyan 1,15. Ko da yake an rage masa mujallu a tsakani, tazarar farashin biyu ta isa ta nuna yadda darajar takarda ta faɗi.

Cinikin da ya fi bayyana manufa shi ne na 2021, sa'ad da Future ya sayi GoCo, mai shafin GoCompare, a kan fam miliyan 594. Wannan shafi ba shi da mujalla, ba shi da marubutan sharhi. Aikinsa kwatanta farashin inshora da karɓar la'ada. Kamfanin mujallu ya biya kuɗin da bai taɓa biyan irinsu ba don ya mallaki dillali tsantsa. Cikin wannan shekara kuma ya sayi The Week da wasu mujallu daga Dennis, tsohon abokin hamayyarsa, a kan fam miliyan 300. Zaman gida na annobar korona ya ƙara wa cinikin intanet wuta. A ƙarshen 2021 darajar kamfanin ta haura fam biliyan 4, cinikinsa na 2022 kuma ya kai fam miliyan 825, watau ya ninka na 2016 fiye da sau 13.

7. Ƙofar Google (2022-2025)

Duk wannan gini a kan sharaɗi guda yake tsaye: Google ya ci gaba da turo mai tambaya zuwa shafin Future. Kowane gyara da Google ya yi wa tsarin jera amsoshinsa yana iya ɗaga shafi ko ya binne shi cikin dare guda. Cikin Mayu 2024 Google ya fara sa amsar ƙirƙirarriyar basira a saman shafin bincike a Amurka, daga baya a sauran ƙasashe. Wannan amsa tana tsamo bayaninta daga rubutun masu sharhi, ta taƙaita shi, ta miƙa wa mai tambaya tun bai latsa komai ba. Abin da ya faru da faifan bango ya sake dawowa da wata fuska: mai ƙofa ya fara yin aikin dillali da kansa.

Byng-Thorne ta sauka cikin 2023, Jon Steinberg ya gaje ta, Kevin Li Ying kuma ya gaje shi cikin 2025. A tsakiyar 2025 farashin hannun jarin kamfanin bai kai rubu'in na ƙarshen 2021 ba. Aka koma ga tsohuwar dokar rufe abin da ba ya biya. A Agusta 2024 aka tsai da AnandTech, shafin da tun 1997 ya yi suna wajen dogon gwajin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Cikin wannan shekara aka rufe iMore, aka daina buga Total Film. Cikin 2025 Linux Format ta bi su. Ya kamata a lura da irin abin da aka rufe. Gwajin AnandTech yana cin makonni, masana ke karanta shi, ba ya kuma kai mutum ga maɓallin saye da sauri kamar jerin kayan da suka fi kyau. Tsarin la'ada yana fifita rubutun da ke kusa da aljihu, yana barin wanda ke gina amana a tsawon lokaci. A Disamba 2024 kuma Future ya ƙulla yarjejeniya da OpenAI, ya ba shi izinin amfani da rubuce-rubucensa cikin ChatGPT. Wanda ya rayu da izinin Sony cikin 1995 ya koma mai ba da izini, amma ƙofar har yanzu a hannun wani take.

Hanya guda da ke rage wannan dogaro ita ce mai karatu ya biya da kansa, shekara-shekara, kamar yadda akasarin masu karanta The Week ke yi. Canard PC ma a kan wannan ta dogara. Sai dai ita ma ba ta kuɓuta ɗungum ba: cikin 2018, da kamfanin Presstalis mai rarraba jaridu a Faransa ya shiga matsalar kuɗi, sai da ta nemi gudummawar masu karatunta kafin ta tsaya da ƙafarta.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da abu uku da za su amfani mai nazarin tarihin kafofin watsa labarai.

Na farko ya shafi rabon zamani. An saba raba irin wannan tarihi gida biyu, zamanin takarda da zamanin intanet. Tarihin Future ya nuna cewa wannan rabo bai isa ba, domin TechRadar ta 2008 da ta 2018 duka a kan intanet suke, amma ta farko talla take ci, ta biyu ta ƙara da la'ada. Ya fi amfani a tambaya, a kowane zamani, wa ke biya, wa kuma ke riƙe da ƙofa.

Na biyu ya shafi amana. Mujallar da ke ba da maki a 1993 tana karɓar kuɗin talla ko an sayi kaya ko ba a saya ba. Shafin da ke jera kaya a 2020 yana samun la'ada ne in an saya. Tazarar da ke tsakanin shawara da ciniki ta ragu ƙwarai. Wannan bai tabbatar da cewa shawarar ta gurɓata ba, amma tambaya ce da ake iya bincike a kanta da hujja: a ɗauki sharhin fanni guda a shekaru dabam-dabam, a ƙirga sau nawa aka ce wa mai karatu kada ya saya.

Na uku ya shafi madogarar bincike kanta. Dokar Ingila ta daɗe tana tilasta ajiye kwafin duk abin da aka buga a babban ɗakin karatu na ƙasa, saboda haka ɗalibi yana iya riƙe Amstrad Action ta 1985 a hannunsa. Sai cikin 2013 ne aka faɗaɗa wannan doka ta haɗa da shafukan intanet, kuma jerin kayan da ake sabuntawa kowane wata yana shafe na jiya da na yau. Ke nan mai son rubuta tarihin zamanin la'ada dole ya fara tattara shaidarsa tun yanzu, shafi bayan shafi, da kwanan watan da ya same shi.